Malam Mudi da Jakunan Arkilla

Ku da kuka san Malam Mudi kun san ba a gaishe shi a tsaitsaye. Duk faɗin Sakkwato, in ka ce wa mutum "ina gajiya", zai ce maka "babu gajiya", ko da yanzu ya sauke buhun gero daga kansa. Ban da shi. Shi sai ya tsaya, ya gyara zaman rawani, ya ce, "Akwai."

"Subhanallahi! Mi yas samu Malam?"

"Abin da yas same ka. Iska na bisa kaina, tana bisa kanka, nauyinta ya wuce kayan jaki. Tun randa anka haife ka kake ɗauke da ita, ka zo kana ce mini babu gajiya? Ka ji tsoron Allah, ka bar ƙarya da sassafe."

A ƙarshe mutane suka koma ce masa "ina kwana" kawai, su ƙara sauri.

Ni ne Jabbi wanzami. Ban yi karatu ba, na boko ko na zaure. Na ga yunwar da ta share ƙauyenmu, na yi wa Nasara dako har ƙasar Kamaru, na dawo da ƙafafuna biyu, da yawa ba su dawo ba. Abu kaɗan ke ba ni mamaki. Wannan bawan Allah ya ba ni.

Gidansu gidan malamai ne. Da Nasara suka ce kowane babban gida ya ba da yaro ɗaya a koya masa boko, ba a yi dogon shawara ba, aka miƙa Mudi, don dama ya ishi kowa da tambaya. Aka kai shi Kano. Ya dawo da Turanci a baki da wani littafi guda mai zane-zane a hammata, aka ba shi aji a makarantar Nasara ta nan garin. A gidansu ba a ɗauki abin da ya karanto a bakin karatu ba. In ana zancen ilimi a zaure, shi ake aika ya ɗebo ruwan alwala. A ajin nan kaɗai ake ce masa Malam ba da zolaya ba. Shi ya sa ya riƙe shi kamar ransa. Babban malamin makarantar kuwa, Malam Sambo, tun ran farko yake neman hanyar da zai raba shi da shi.

Ga tsimi! Alli ma bai yarda ya karɓa daga makaranta ba, wai ɓarna ce. Ran Alhamis sai ya taka da ƙafa har Kalambaina, ya tsinto farin dutse a aljihu, ya dawo yana ɗingishi. Rubutun ba ya fita sosai a allo. Ya ce ai hakan ya fi, yara za su buɗe ido.

Haɗuwarmu a rumfata ce, wajen Ƙofar Atiku. Ya zo da ciwon baya, ya ce a yi masa ƙaho. Na ɗora ƙahon, na zuƙa, na toshe bakin da kaki, ya kama daram. Sai mutumin nan ya zabura kamar kunama ta harbe shi.

"Wanzam! Ka san abin da kay yi yanzu?"

"Ƙaho."

"Mi ar riƙe da shi?"

"Ja. Shina jan mugun jini."

"Ba ja ba ne! Ka zuƙe iskar ciki, ta waje ta danne shi. Turi ne, Wanzam, turi!"

Na ce, "Shekara talatin ina zuƙa. Ubana ya zuƙa, kakana ya zuƙa. Ba wanda yat taɓa turawa."

"To, duk kun yi aiki cikin duhu."

"Amma marasa lafiya sun warke."

"Wanga kuma ikon Allah."

Da na ga dama da na bar masa ƙahon nan har magariba. Amma washegari sai ga shi ya dawo, ya ce in ɗauko zabirata in bi shi aji. A hanya ya yi mini bayani, ban tambaye shi ba. Ya ce shi Turanci duk rigimarsa lokaci ne: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Yaro ba zai gane wannan a allo ba, sai ya ga abu yana faruwa a gabansa, bakinsa yana bin abin. Kuma cikin duk kayan koyarwa, iska ce kaɗai ba a saye.

Muka shiga. Yara wajen ashirin, 'ya'yan manyan gari, idanu kamar na ɓeraye a rumbu. Malam ya tuɓe riga ya zauna a kan tabarma, ya ba su baya. Ya ce su faɗa da Turanci, wanzami zai zuƙa. Suka yi wata hayaniya. Na sa baki a ƙaho. Suka ce wanzami yana zuƙa. Na toshe. Suka ce wanzami ya zuƙa. Haka har ƙaho bakwai suka jeru a bayansa kamar bushiya. Ba tsaga, ba jini, ƙaho tsura.

Sannan ya kafa doka. Ba za a cire ƙaho ba sai yaro ya faɗi magana guda daidai. Magana ɗaya, ƙaho ɗaya.

Kai! Ai bai san 'ya'yan mutane ba. Tun da suka gane cewa kuskure yana tsawaita kallo, sai kowa ya mance Turanci. Wanda jiya ya iya, yau ya zama bebe. Hantsi ya yi, rana ta take. Fatar Malam ta kumbura cikin ƙahonin, gumi yana zuba, yana cije leɓe yana cewa, "Sake. Sake."

Na sunkuya na ce, "Malam, namanka zai mutu."

"Bari su gyara."

"Da gangan suke yi."

"Na sani. Ni ma da gangan nike zaune."

Ana nan sai aka buga ƙarfen cin abinci. Yara suka yunƙura. Malam ya ce ba mai fita sai bayansa ya koma yadda uwarsa ta haife shi. Wallahi kafin ka tauna goro, Turanci ya ɓarke a ɗakin nan kamar ruwan Agusta. Kowa ya iya! Ina cirewa, suna faɗa, har suna gyara wa juna. Ya sa riga da ƙyar, bayansa duk tudu-tudu kamar kunyar gwaza, ya dube ni yana murmushi.

"Ka gani, Jabbi? Iska ta koya musu."

Na ce, "Tuwo ya koya musu."

Daga ranar na zama kayan aikin makaranta. Sau biyu a mako. Masu zuwa rumfata suka samu abin tsokana. In na gama yi wa mutum ƙaho sai ya ce, "To Jabbi, kai za mu gode ma, ko iska?" In ce, "Bari in ɗauko aska, sai ka ga wad da za ka gode ma."

Labari ya kai gidajen iyaye. Wasu suka ce Mudi yana koya wa yara siddabaru, wasu suka ce malami ba ya tuɓe riga gaban ɗalibai. Malam Sambo ya zo da kansa. Dattijo ne mai tsabta, rawaninsa fari fat, yana tafiya kamar ba ya son ƙasa ta san ya taka ta. Ranar Malam Mudi yana koya musu maganar "in kaza ya faru, kaza zai biyo". Ya cika kofi da ruwa, ya rufe da takarda, ya kifa shi, ya janye hannu. Ruwa ya tsaya. Yara suna rerawa da Turanci, wai in Malam ya janye hannu ruwa ba zai zuba ba.

Malam Sambo ya ce, "A'uzu billahi. Wanga ba karatu ba ne, rufa-ido ne."

"Ranka ya daɗe, hikimar Ubangiji ce. Iska ke tokare da takardar daga ƙasa. In kana shakka, zamna nan in riƙe ma shi bisa kai."

A gaban yara aka faɗa, ba damar ja da baya. Dattijo ya zauna. Malam Mudi ya sake cika kofi, ya kifa shi daidai saitin rawani. Ya tsaya. Ya ce yara su faɗi maganar sau uku. Suka faɗa sau ɗaya. Suka faɗa sau biyu. Abin da ba wanda ya lura, takardar nan ita ce dai wadda yake aiki da ita tun kaka. Kullum in an tashi sai ya shanya ta a taga. Ta yi laushi kamar ganyen rama a tukunya.

Ba su kai na uku ba.

Takardar ta saki. Ruwa yana bin gemun Malam Sambo yana ɗiga a cinyarsa.

Malam Mudi ya ce, "Ranka ya daɗe, iska ba ta yi laifi ba. Takarda ta tsufa."

"To don mi ba ka sa sabuwa ba?"

"Wagga ba ta gama aikinta ba."

"Yanzu ta gama," in ji Malam Sambo. Ya miƙe yana matse rawani. A bakin ƙofa ya juyo ya ce Baturen makarantu zai zo duba aiki bayan sallah, kuma shi zai gaya masa komai, ƙaho da kofi da tuɓe riga. In Bature ya ga wannan karatu ne, to. In bai gani ba, Mudi ya nemi wata sana'ar.

Mai hankali da ya ɓoye ƙahoni, ya sa yara su yi hadda, Bature ya zo ya saurara ya wuce. Na gaya masa haka. Ya ce a'a, yanzu ne ma za a ga aiki. Ya buɗe littafin nan nasa ya nuna mini zane: ƙwarya biyu ta ƙarfe an kifa su baki da baki, an zuƙe iskar ciki, dawaki suna ja ta nan suna ja ta can, sun kasa raba su.

Na ce, "Kana da dawaki?"

"Akwai jakkai a duniya."

"Kana da ƙwaryar ƙarfe?"

Ya dubi wajen gidansa.

Matarsa Hajo tana da tasoshi biyu na jan ƙarfe, manya, na jerenta, ba a ko cin abinci a cikinsu. Ta tafi bikin suna unguwar Gawon Nama, ta dawo ta tarar da gurbinsu. Kafin nan maƙeri ya riga ya huda ɗaya, ya kafa wa kowace zobe a gindi. Da ta tambaya, Malam ya ce sun tafi aikin gwamnati.

"Da izinin wa?"

"Hajo, in sun dawo za su zama tasoshin da sunka fi kowace tasa daraja a Sakkwato."

"Su dawo dai," in ji ta.

Saura jakuna. Ya samu wani mai kawo itace daga Arkilla ya ara masa biyu, kyauta. Ni na yi dako, na san jaki. Na ce, "Malam, nemo na gida biyu. Waɗanga tun suna ƙanana ɗaya ke bin wutsiyar ɗaya. Jakkan gida guda ba su raba hanya."

"Gida biyu goro biyu ke nan. Jaki jaki ne."

Ba na faɗin magana sau biyu.

Ranar ta zo. Aka share fili, aka kafa wa Bature tebur da kujera a inuwar durumi, da tawada da littattafan makaranta a gabansa. Wani dogo ne ja wur, muna ce masa Zalɓe. Malam Sambo yana gefensa da sabon rawani. Yara sun yi sahu. Kwana goma suna haddar maganganun da za su faɗa, kowace da lokacinta.

Aka haɗa tasoshin, aka sa zoben fata a tsakani, aka shafe da man shanu da kaki. Na durƙusa na kafa baki a hudar. Na zuƙa, na toshe da harshe, na huta, na zuƙa. Na yi wa ƙarti ƙaho, na yi wa mai ƙaba, ban taɓa zuƙar da ta kai wannan ba. Har na fara ganin taurari da rana tsaka. Yara suna ta rerawa, wanzami yana zuƙa, wanzami yana zuƙa. Da na ji kunnuwana sun toshe, na danna kaki, na faɗi zaune.

Malam ya ba yara biyu tasoshin su ja. Suka ja, ba su rabu ba. Ya ba huɗu. Ba su rabu ba. Zalɓe ya gyara zama, ya cire lofe daga baki. Ni kaina na ce a raina, af, ashe mahaukacin nan yana da gaskiya.

Da a nan ya tsaya!

Aka ɗaura igiya, jaki ɗaya yana duban gabas, ɗaya yana duban yamma, tasoshi a tsakiya. Malam ya ɗaga hannu. Yara suka ce, da Turanci, jakuna za su ja. Ya sauke hannu, aka tsula wa kowane tsumagiya.

Na gabas ya miƙe hanyar ƙofa. Ɗayan ya yi taku biyu, ya waiga, ya ga ɗan'uwansa zai tafi gida ba shi. Ya yi wani kuka, ya juyo a guje. Igiya ta yi baka, ta share fili, ta kwashe ƙafafun tebur. Tawada ta tashi sama ta sauka a wandon Zalɓe. Malam Sambo ya ja da baya, kujera ta kife da shi. Jakuna suka fice ƙofa kai da wutsiya, tasoshin Hajo suna bin su a ƙasa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai Arkilla.

Su kuwa yara, an ce kada su daina komai ya faru. Suna tsaye a sahu suna rerawa da murya ɗaya, jakuna suna ja, jakuna suna ja, tasoshi ba su rabu ba.

Malam Mudi yana tsalle yana nuna ƙura. "Kun gani? Ba su rabu ba! Ranka ya daɗe, ka shaida, ba su rabu ba!"

Zalɓe ya dubi wandonsa. Ya dubi yaran. Ya kira ɗaya ya yi masa tambaya da Turanci, yaro ya amsa. Ya kira wani, ya amsa. Ya kira na can ƙarshe, wanda ko sunansa ba ya faɗa sai an matsa, shi ma ya amsa. Bature ya ce da Hausarsa ta hanci, "Yara sun iya." Sannan ya tsinci littafinsa daga ƙasa ya yi rubutu mai tsawo. Na ga fuskar Malam ta washe. Ni ban washe tawa ba. Na san Nasara. In suka yi dogon rubutu, wani zai ɗauki kaya.

Da la'asar mai itace ya kawo tasoshin, duk sun lotse, amma suna manne. Hajo ta ja, ta sa muciya, ta kira maƙwabta, a banza. Na zo na ɓanɓare kakin da farce. Suka yi tsaki, suka rabu.

Malam ya ce, "Kin ji, Hajo? Iska ce tak koma gidanta."

Ta ɗaga tasar ta leƙo shi ta hudar. "Ita ta koma. Miyata fa, ta ina za ta zamna?"

Bayan mako biyu takarda ta zo. Wai gwamnati ta lura Malam Mudi mutum ne mai zurfin sani a kan iska, bai kamata a ɓata shi a aji ba. Aka mai da shi ofishin Razdan, babban Baturen lardi. Aikinsa ya duba kwalbar awon ruwan sama da wani gilashi mai nuna nauyin iska, safe da yamma, ya rubuta a littafi. Malam Sambo ya zo har gida ya yi masa murnar ƙarin girma. A gidansu ma aka ce madalla, Mudi ya zama ma'aikaci. Ga abin da yake ta faɗa shekara da shekaru, a rataye a bango, yana hawa yana sauka, ba mai musu. Sai dai ɗakin daga shi sai ƙadangaru.

Na ce masa, "To, ka ci gardama."

Ya ce, "Na ci." Ranar ce kaɗai na fi shi yawan magana.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, yau zan faɗa tunda ba ya nan balle ya musa. Hanyar ofishin Razdan ba ta bi ta makaranta ba, ko kusa. Amma kullum da safe ina buɗe rumfa sai in ga ya wuce ta can. Wata rana na bi shi daga nesa. Ya je bayan katangar ajinsa, wajen taga, ya tsaya kamar mai gyaran takalmi. Sabon malami yana faɗa, yara suna maimaitawa. In suka yi daidai sai ya gyaɗa kai. In suka yi kuskure sai in ga leɓensa yana motsi, yana gyara musu, ba mai ji. Da aka buga ƙarfe ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya nufi wajen kwalbarsa.

Shekara goma sha ɗaya yana gyaran takalmin nan, har ciwon da ya kwantar da shi. Ya san na gani. Na san ya sani. Ba wanda ya ɗaga zancen.

Allah Ya jiƙan Malam Mudi, Ya yafe masa, Ya yalwata masa makwanci. Abin da aka hana shi a nan, Allah Ya ba shi a can, Ya zaunar da shi cikin masu saurare. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da kyau. Amin.